Alfadarin da Baba Ya Ƙi Kashewa

Gonar Tollefson, Dakota ta Arewa
14 ga Satumba, 2008

Ƙanena Wendell,

Ina gaishe ka, Curt da yara ma suna gaishe ka, da fatan ƙarar injin jirgin ruwan nan ba ta cinye sauran kunnenka ba. Mu nan lafiya lau. An gama girbin alkama, Curt ya rame kamar kowace shekara, Anders ya faɗo daga bayan tarakta ya tashi yana rantsuwa wai da gangan ya yi. Takarda nake rubuto maka tunda waya ba ta yi maka amfani, in an ce maka "ya aiki" sai ka ce "eh, ana ruwa."

Maganar Baba ce. Tun da ya dawo wurinmu bayan rasuwar Mama karkarwar hannun nan ba ta ragu ba, yanzu kuma ta sauka a murya. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce muryar za ta yi ta siririncewa, wataƙila kafin ƙanƙara ta narke sai an kai kunne bakinsa sannan a ji abin da yake faɗa. Baba ya ce to madalla, coci za ta huta da waƙarsa. Ni dai ban yi dariya ba.

Ka san har yanzu makarantar Linnea da Anders teburin cin abincina ce, ni ce malama, ni ce shugaba, ni ce mai shara. Bana na sa mu cikin wata ƙungiya ta 'yan sa-kai masu karanta tsofaffin littattafai da baki, a ɗauki muryar a zuba a intanet kyauta, don makafi da direbobin manyan motoci da duk mai so. Kowa ya zaɓi littafinsa, ya karanta babi-babi, ya aika wa mai tantancewa. Tamu wata tsohuwar malamar makaranta ce a Ontario, Misis Pruitt, mace mai kirki, amma ko yawu ka haɗiya sai ta ji. Dokarsu ɗaya ce: abin da ke takarda shi za a ji, ba ƙari ba ragi, ba tari, ba haushin kare.

Da na tambayi Baba ko zai karanta mana ɗaya, sai ya je ya buɗe akwatinsa ya fito da littafin nan mai koren bango. Eh, shi. Na mai niƙa da makahon alfadarinsa Kyaftin, wanda yake karanta mana a gindin murhu duk lokacin sanyi. Bangon ya rabu biyu, kuma har yanzu da shatin haƙoranka a gefe.

A ɗan ɗakin rataye kayana muke ɗauka, don riguna suna shanye amsa-kuwwa. Sai an kashe firji, an tsayar da agogon bango, an ɗaure kare a sito, sannan a zaunar da Baba tsakanin rigunan sanyi da makirufo a gabansa. Kafin ya fara kuma sai kowa ya yi tsit na ɗan lokaci, kwamfuta ta ɗauki shirun ɗakin, da shi Linnea take wanke ƙarar da ba a so daga cikin karatun. Wannan shirun shi ne azabar Baba. Ka taɓa ganin mutumin nan ya yi shiru da son ransa?

Ina so mu gama littafin kafin muryar ta tafi. Ban faɗa wa yara haka ba, su a wurinsu darasin karatu ne kawai. Kai kaɗai na faɗa wa.

Yayarka,
Marlys

Dutch Harbor, Alaska
9 ga Oktoba, 2008

Yaya Marlys,

Na gaishe ki, na gaida Curt da ɗalibanki biyu. Ina lafiya. Kunnen hagu ya yi ritaya, na dama yana nan yana lallaɓawa. Wasiƙarki ta same ni mun shigo sauke kifi, na fara karanta ta a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna.

Maganar muryar Baba ta dame ni ƙwarai. Ba zan samu zuwa ba sai an rufe kamun kifin sanyi, don ni kaɗai ne mai kula da inji, in na sauka jirgin ya zauna. Ki gaya masa ya rage min ko kaɗan ce, kada ya ƙarar da ita wajen yi wa Curt gardama a kan irin alkama.

Aikin nan da kika ɗauko ya yi. Da na ga sunan Kyaftin a takarda sai na ji ƙamshin itacen murhu da burodin dankalin Mama. Ki aiko min da shi a faifai, ina da ɗan rediyo mai cin faifai a makwancina. Amma ki taimake ni, Yaya, a yi shi sarai, tas, kin san kunnena da rurin injin nan. Kuma kada ki bar tsohon ya yi miki wasa da aiki. Kin san halinsa, in ba a tsare shi ba sai ya kai mai niƙa Norway ya dawo da shi.

Shatin haƙoran nan kuwa na kare ne. Tun ina ɗan shekara biyar nake faɗa muku, ba wanda ya yarda.

Ƙaninki,
Wendell

Gonar Tollefson
4 ga Nuwamba, 2008

Wendell,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyarmu ƙalau, sai mura da ta zaga gidan ta tsallake Baba, shi da ake jin tsoro. Ƙanƙarar fari ta sauka shekaranjiya. Ga rabin littafin nan a faifai, na naɗe shi cikin safa sabuwa, safar ma taka ce.

Ka ce a tsare tsohon, to na tsare shi, amma na sha wuya. Baba ba ya iya karanta layi uku a jere yadda aka rubuta su. Mai niƙa zai buɗe baki ke nan sai ka ji, "Wendell, cire yatsa daga hanci," alhali Anders ne a gabansa. In Kyaftin ya shigo sai ya saki kukan alfadarin nan nasa har karen da ke sito ya amsa. Ga yadda muke wuni:

"Baba, maimaita daga inda gari ya waye."

"Haba Marlys, tun ɗazu yake wayewa, sau nawa zai waye?"

"Kaka, ka yi tari a kan mai niƙa," in ji Linnea.

"Shi ya kawo miki ƙara? Ke dai kin gaji uwarki, 'yar sanda."

Ranar Talata ya tsaya a tsakiyar shafi ya dube ni ya ce, "Nan ne uwarku take leƙowa ta ce in rage murya kada in tashi jariri." Sai kuma ya shiga ba yara labarin ranar da ya fara ganin Mama a wajen cin abincin coci, yadda ta zuba masa kofi mai zafi a hannu, ya yi ta cewa bai ji zafi ba har hannun ya tashi. Ni kaina ban taɓa jin labarin nan ba. Da muka zo gyara Linnea ta ce, "Mama, wannan ma a yanke?" Na ce a yanke mana, ai ba ya cikin littafi.

Yarinyar nan ta ƙware, ka ji hannunta. Tana cire tari da dogon numfashi da ƙarar kujera, ta haɗa bakin jimla da jimla ba ka jin ɗinkin. Inda muryar ta yi rawa sai mu sa shi ya sake, mu ɗauki wadda ta fi tsayuwa. Misis Pruitt ta rubuto cewa ba ta taɓa jin aikin sababbin shiga mai tsabta haka ba, na manna takardar a jikin firji.

Yakan gaji. In aka ɗan jima muryar sai ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa, mu tsaya a ba shi shayi da zuma. Wani lokaci ba na jin daɗin sa shi maimaita abu ɗaya, sai in tuna ka ce sarai, tas. Ka saurara ka gaya min ko ya yi.

Marlys

Dutch Harbor
23 ga Nuwamba, 2008

Yaya,

Ina gaisuwa, ina lafiya, safa ta yi min daidai. Gobe da safe za mu fita, kuma wannan fitar mai nisa ce, don haka zan ba wani abokin aikina da zai tafi gida takardar nan ya jefa min a akwatin gidan waya.

Na saurari faifan. Kowace kalma ta fito, ko ɗaya ban rasa ba, ki gaya wa Linnea kawunta ya sara mata. Amma Yaya, kada ranki ya ɓaci, ina Baba? Na ji wani dattijo mai natsuwa yana karatu kamar mai labaran rediyo. Na yi ta jiran ya ce in cire yatsa daga hanci. Na yi ta jiran kukan Kyaftin, har na rage ƙara don kada in tashi na kusa da ni, sai na ji an wuce wurin salin-alin. Baban da na sani bai taɓa kai ƙarshen shafi ba tare da ya ɓata hanya ba.

Da na ce sarai, nufina a matso masa da makirufo ya yi ƙarfi. Maganar tsare shi kuwa tsokana ce irin tamu, na zaci za ki karanta masa ku yi dariya.

Ga roƙona. Ki ba Misis Pruitt nata mai tsabta, ba ruwana da dokarsu. Ni abin da kuka yanke nake so. Tarin, da kujerar, da 'yar sanda, da labarin kofin Mama da kika ce ba ki taɓa ji ba, ni ma ban taɓa ji ba. Ki tattara min su ko ba a jere ba, ki zuba a faifai ɗaya. Kuma in kun zo babin ƙarshe ki ƙyale shi ya sake jiki. Wurin nan nake jira, inda ambaliya ta tafi da Kyaftin kowa ya fid da rai, sai ga shi da safe a lambun Misis Haugen yana cin kabejinta. Kullum ina mamakin yadda matar littafin take da suna ɗaya da maƙwabciyarmu mai korar mu da tsintsiya.

Ki shafa min kan tsohon.

Wendell

Gonar Tollefson
28 ga Disamba, 2008

Wendell,

Barka da Kirsimeti, ko da yake ban san ko ka tuna akwai ta ba. Muna lafiya. Na zuba ido tun farkon Nuwamba, ko layi ɗaya ban gani ba. Na san teku ba ta da gidan waya, amma kun shigo tasha ko sau ɗaya ne, kuma mutum ya kwashe wata uku a ɗakin rataye kaya saboda kai. In bai yi maka ba ne ka faɗa, ba yau ka fara raina aikina ba. Baba kullum sai ya tambaya, "Yaron ya ji?" In ce masa wasiƙa na hanya.

Mun gama littafin. Ga sauran rabin nan.

Babin ƙarshe ne ya ba mu wuya. Ai ka san a littafi Kyaftin mutuwa yake yi a ambaliyar, ni tun ina 'yar sha uku na buɗe na gani. Maganar lambun Misis Haugen Baba ne ya ƙirƙiro ta saboda kai, don lokacin ko kaza aka yanka sai ka wuni kuka. To da muka zo wurin sai ya ajiye littafin a cinya ya zuba nasa, da kabejin da tsintsiyar da komai. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin rasuwar Mama. Anders ya yi ta dariya har ya jawo riguna suka zubo musu a ka. Na bari aka aika haka, na ce ko za a dace.

Misis Pruitt ta amsa da kyakkyawan harshe. Ta ce ta yi dariya har da hawaye, amma ba abin da marubucin ya rubuta ba ke nan, kuma masu saurare sun dogara da mu mu ba su littafin yadda yake. Gaskiyarta ce. Na je na sami Baba.

"Baba, sai mun sake na ƙarshen. Yadda yake a takarda."

"Wendell zai ji wannan?"

"Shi ya ce a yi shi sarai, kada a bar ka ka yi wasa da aiki."

Sai ya ce, "To, ashe ya girma." Ya miƙa hannu na ba shi littafin.

Kwana da kwanaki muka yi a kan shafukan nan, don muryar tana yankewa a tsakiyar jimla. Bai yi tsokana ko sau ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe ya rufe littafin ya ce a kunna firji kada madara ta lalace.

Tun daga nan muryar ta faɗi warwas. A coci ranar Kirsimeti bakinsa kawai nake gani yana motsi. Amma mun riga ta, Wendell, mun gama kafin ta tafi, kuma littafin ya hau intanet da sunansa. Kwamfutar ma ta huta, don tarkacen da muka yanke ya cika ta har ta daina ɗaukar aikin lissafin yara. Jiya na zauna na share shi kaf, yanzu gudu take kamar sabuwa.

Ka rubuto, ko don shi.

Marlys

Gonar Tollefson
21 ga Janairu, 2009

Wendell,

Muna lafiya. Ban san yadda ake fara irin wannan ba.

Yau wasiƙarka ta Nuwamba ta iso, duk ta yamutse, da ɗan rubutu a bayan ambulan daga matar abokin aikinka, wai ta tsince ta a aljihun rigarsa za ta yi wanki, a yi haƙuri. Na karanta ta a bakin akwatin wasiƙu, cikin ƙanƙara, na kasa komawa gida sai da Curt ya fito nemana.

Babu su, Wendell. Ka riga ka gani a wasiƙata ta baya. Tarin, da kukan Kyaftin, da kofin Mama, da lambun Misis Haugen da ya zuba da dukkan ƙarfinsa, ni na share su da hannuna ina jin daɗi. Curt ya kai kwamfutar wurin mai gyara a gari, mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce an riga an rubuta wasu abubuwa a kansu. Na tambayi Baba labarin kofin ko zan rubuta shi a takarda. Ya buɗe baki, na kai kunne, iska kawai nake ji. Hannun kuma ba ya riƙe biro.

Kuma na gaya masa kai ka ce. Wannan ya fi komai ci na.

Abu ɗaya ya rage wanda ba a taɓa ba. Shirun nan da muke ɗauka kafin kowane karatu, Linnea tana ajiye shi a wuri daban saboda aikin wankewa. Ba magana a ciki, zama ne kawai. Na zuba maka su duka a faifan nan, don ba ni da wani abin da zan aiko.

Ka yafe min.

Marlys

Dutch Harbor
15 ga Fabrairu, 2009

Yaya Marlys,

Ina gaishe ki da kowa. Jikina lafiya. Mun shigo jiya, na tarar da wasiƙunki biyu tare, na karanta su a jere.

Ban sani ba, Yaya. Kin ce ai na san Kyaftin mutuwa yake, wallahi ban sani ba. Ban taɓa buɗe littafin nan da hannuna ba, me zai kai ni, ga Baba? Ga furfura a gemuna, ina nan ina yawo da alfadarin nan a raye cikin kabeji. Na sa faifan na ji Baba ya nutsar da shi a ruwa, kalma bayan kalma, sarai, tas, yadda na roƙa. Na shiga ɗakin inji na rufe ƙofa, can ne kaɗai ba mai jin mutum.

Kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Ni na rubuta tsokanar, na manta a takarda ba a ganin fuskar mai magana. Kuma akwai waya a ofishin tasha, da na daure na buga miki ranar nan na yi ihu na ce kada a share komai, ko ban ji amsarki ba ke za ki ji ni. Na ga kamar akwai lokaci.

Na saurari shirun. Na ƙure ƙarar rediyon na manna shi a kunnen dama. Yaya, yana ciki. Ana jin numfashinsa ta hanci, irin wanda yake yi in yana danne magana. Ana jin kujera. A wani wurin akwai ɗan ƙaramin sauti kamar an toshe bakin kwalba, na san gwalo yake yi wa Linnea yana riƙe dariya. A na ƙarshe-ƙarshen kuwa ba komai sai numfashi a hankali, ba ya danne komai. Su ne ban iya saurara sau biyu ba.

Sai watan Afrilu zan sauka. Kafin nan ki yi min abu biyu. Ki karanta masa wasiƙata ta Nuwamba, duka, ya san ban girma ba. Sannan ki shiga ɗakin kayan nan da shi, ki kunna makirufo, ke ki karanta masa babin ƙarshe. Kada ki kashe firji.

Ƙaninki,
Wendell

Gonar Tollefson
8 ga Maris, 2009

Ƙanena,

Gaisuwa daga dukanmu. Baba yana cin abinci, yana zama a bakin taga, jikin dai sai a hankali. Ƙanƙara ta fara narkewa a gefen sito.

Na karanta masa wasiƙarka. Da na zo inda ka ce kana jiran a ce ka cire yatsa daga hanci, ya rufe ido. Da na zo inda kake mamakin sunan Misis Haugen, ya kama hannuna ya matse har na ji zafi. Ya sa na maimaita wurin, ni da na saba sa shi maimaitawa.

Jiya bayan cin rana muka shiga ɗakin kayan, ni da shi, yara suka tsaya a bakin ƙofa. Ban tsayar da agogo ba, kare ma yana ciki yana shinshina takalma. Na fara karatu. Ban iya ba, Wendell, muryata ta 'yar sanda ce kamar yadda ya faɗa. Na kai inda ruwa ya karya gada, na ɗaga shafi zan juya, sai ya ɗora hannunsa a kai. Hannun yana rawa, takardar tana kaɗawa, za ka ji ta a faifan.

Na rufe littafin. Na ce da gari ya waye, ɗan autan mai niƙa ya fita yana kuka yana kiran Kyaftin, sai ya hango kunnuwa biyu a lambun maƙwabta. Baba ya ƙwanƙwasa hannun kujera. Na ce a lambun wata mata. Ya sake ƙwanƙwasawa, da ƙarfi. Anders ya ce daga bakin ƙofa, "Mama, Misis Haugen!" Na ce to, a lambun Misis Haugen, ya cinye mata kabeji layi guda, ga ta nan ta fito da tsintsiya da rigar barci. Nan ne wurin kukan alfadarin. Na tsaya, don ni ban iya ba, kuma ba wanda ya iya.

Baba ya ɗaga kai, ya buɗe baki yadda yake yi, wuyansa ya miƙe, kafaɗunsa suka tashi. Ya yi shi tun daga farko har ƙarshe. Ba abin da ya fito sai iska.

Ga faifan nan. Akwai firji a ciki, da agogo, da kare, da ni ina jan hanci. Linnea ta tambaye ni ko a ɗan gyara, na ce kada ta taɓa ko numfashi ɗaya. In ka zo wajen ƙarshe za ka ji kamar an yi shiru. Ka ƙure ƙarar, ka manna a kunnen dama, ba shiru ba ne.

Ka zo da wuri. Kullum yana nuna min hanya ta taga.

Yayarka,
Marlys